Allunan da Suka Kulle Kansu a Barkiya

Shekara tara na yi ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Dutsin-Ma, kafin in ajiye alli in koma wani ɗan kamfani da ke zuba darussan karatu da lissafi cikin ƙananan kwamfutocin hannu, ana raba wa makarantun ƙauye. Allo muke ce wa kwamfutocin, malamai da yara ma haka suka ɗauka. Yaro zai danna, murya ta faɗa masa harafi, ya maimaita, ya zana shi da yatsa. Muryar nan tawa ce a darussan farko. A wani ɗaki muka ɗauke ta, wanda muka jingina wa katifu a bango saboda ƙarar injin niƙan maƙwabta.

Mai kamfanin ɗan garinmu ne, ya karanta kwamfuta, kowa Injiniya yake ce masa. Mutumin kirki ne, ba ya son hayaniya ko kaɗan, kuma wannan gudun hayaniyar ne ya kusa jefa mu cikin zalunci. Mu biyar muka fara, a shago mai ɗaki biyu. Abin da ya sa allunanmu suka karɓu shi ne ba ruwansu da sabis. A yi musu caji da sola, shi ke nan, ko a tsakiyar gona ne za su yi aiki.

Cikin mu biyar ɗin akwai wani dattijo daga Tamawa, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Malam kawai muke ce masa. Shi ke ɗaure alluna a bayan tsohon babur ɗinsa ya kai makarantun ƙasar Kurfi, ya koya wa malamai yadda ake amfani da su, ya dawo mana da ƙorafinsu. Ya san wane hedimasta ne ba ya son a je masa ranar kasuwa, ya san wace ƙorama ce ba ta ƙetaruwa idan an yi ruwa. Rabin malaman yankin ta hannunsa suka wuce suna yara. Idan ya ce wa iyaye abin nan ba wasa ba ne, karatu ne, sai su yarda.

A shekara ta uku abu ya buɗe. Wata ƙungiya daga Abuja ta ga aikinmu ta shigo ciki, makarantu suka ƙaru, muka tashi daga shago muka koma wani babban gida a hanyar Katsina. Ma'aikata suka yi yawa har wasu ban riƙe sunayensu da wuri ba. Aka naɗa ni shugabar sashen darussa da masu fita ƙauyuka. Ke nan a takarda Malam ya koma ƙarƙashina, abin da ya riƙa ba ni kunya, don ya kusa haihuwata. Shi kuwa ko a jikinsa.

Sai Injiniya ya ce aiki ya fi ƙarfinsa, ya ɗauko manaja daga Abuja. Matashi ne, bai fi shekara talatin da biyar ba, mai tsafta, mai saurin magana. Ba zan ci haƙƙinsa ba, yana da ƙoƙari. Shi ya tsara mana sito, shi ya sa kowa ya san ranar hutunsa. Amma kalmar shugabanci ba ta barin bakinsa. Ya liƙa takardun Turanci a bango masu bayanin waye shugaba na gari. Ya kafa mitin na safiyar Litinin, a tsaye ake yinsa wai don kada a yi kasala, kuma daga farko har ƙarshe shi ke magana. Wata biyar yana tare da mu, tayar motarsa ba ta taɓa sauka daga kwalta ba.

Wata Litinin a farkon damina ya haska mana taswira a bango, da ɗigo-ɗigo na makarantunmu. Ya ce ƙungiyar Abuja tana so ta riƙa ganin yadda yara ke amfani da alluna kowane mako, ba sai ƙarshen zango ba. Saboda haka za a sabunta manhajar: dole kowane allo ya haɗu da sabis sau ɗaya a kwana bakwai ya aiko da bayanai. Wanda bai haɗu ba zai kulle kansa, ba zai buɗe ba sai ya samu sabis.

"Haka kaɗai malaman ƙauye za su ɗauki abin da muhimmanci," in ji shi.

Malam ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. Manaja ya kalli agogo kafin ya ba shi dama.

"Ranka ya daɗe, wanga tsari zai yi a Dutsin-Ma da cikin garin Kurfi. Amma Barkiya da ƙauyukan da ke bayanta, da namu na Tamawa, babu sabis. Mutum sai ya hau tudu ya ɗaga waya bisa, shi ma sai an yi sa'a. Mi zai hana mu riƙa kwaso bayanan a ɗan katin memori irin na waya in mun je zagaye?"

Manaja ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro. Ya danna kwamfuta, wata taswirar ta fito, ta kamfanin waya, an shafe ƙasar Kurfi kaf da launi mai nuna akwai sabis.

"Baba, duniya ta ci gaba. Ga shi nan, ko'ina akwai."

"Takardar nan ba ta taɓa zuwa Barkiya ba," in ji Malam. "Ni na je."

Wasu sababbin ma'aikata suka yi dariya, ban sani ba ko Malam suke yi wa ko maganarsa. Manaja ya ce lokaci ya ƙure. Injiniya yana gefe yana latsa waya. Ni kuma, wadda ta san Malam bai taɓa faɗin abin da bai gani ba, na tsaya riƙe da littafina ban ce uffan ba. Ina tsoron kada a ce ni ma 'yar da ce, ban fahimci zamani ba. Sabuwar kujera ta yi min daɗi, wannan ita ce gaskiya. Bayan kwana uku aka kawo min takardar amincewa da sabuwar manhaja, na sa hannu.

Mako huɗu aka yi lafiya lau a ofis. Ɗigon makarantun cikin gari suka yi kore shar a bango, Manaja yana nuna wa duk baƙon da ya shigo. Amma ɓangaren Kurfi, can gefen taswira, ja ne, kuma kullum ƙara ja yake yi. Sai ga saƙo cewa mutanen Abuja za su zo duba aiki a ƙarshen wata.

Ranar wata Laraba Manaja ya kira ni ofishinsa. Ya tura min takarda a kan tebur, ya ɗora biro a kai. Takardar dakatar da Malam ce. An rubuta cewa ya kasa horar da malaman yankinsa, ya nuna ba ya son sauyi, kuma shekarunsa ba su dace da aikin fasaha ba. A ƙasa an bar gurbin sa hannuna, tunda ni ce shugabarsa.

"Hajiya, sa hannu kawai," ya ce. "Dole baƙin nan su ga mun gano matsala mun ɗauki mataki. Shugabanci ke nan."

Na karanta ta sau biyu. 

"Ai ya faɗa mana. A gabanka ya faɗa, a gaban kowa."

"Ya faɗi ra'ayinsa. Alƙaluma sun nuna yankinsa ne kaɗai ya gaza."

"Yankinsa ne kaɗai babu sabis."

"Hajiya, kada ki sa son zuciya a aiki. Na san kun daɗe tare."

Na ture biron. Na ce ba zan sa hannu a kan abin da ban gani da idona ba, gobe zan je. Ya ce babu motar ofis, tana wajen gyara. Na ce Allah ya ba ta lafiya, akwai motar haya.

Da na fito na kira Malam. Ban gaya masa maganar takarda ba, na dai tambaye shi halin da ake ciki. Ya yi ajiyar zuciya. Ashe sau uku yana aiko da rahoto, biyu a rubuce ya ajiye a ofishin Manaja, ɗaya ta waya. Da ya ga shiru, sai ya kama ɗibar allunan makaranta ɗaya ya kai cikin garin Kurfi su sha sabis su buɗe, ya mayar, washegari ya ɗebo na wata. Kafin ya kai makaranta ta ƙarshe, na farkon sun sake kullewa. Mako uku ke nan yana wannan jigila cikin laka.

"Malam, me ya sa ba ku faɗa min ba?"

 "Malama, ai kina wurin ran da na faɗa."

Har yau idan na tuna maganar nan sai in ji kamar an watsa min ruwan sanyi.

Washegari da safe na shiga mota zuwa Kurfi. Malam yana jirana a bakin tasha, wandonsa naɗe har gwiwa. Ya samo min ɗan acaɓa da ya yarda da shi, shi yana gaba muna biye. An yi ruwa kafin asuba. Gero ya yi tsawo har ya rufe hanya ta gefe biyu, ƙasa ta yi taɓo, sau biyu ina sauka ina takawa da takalmi a hannu. A wata ƙorama muka jira wasu shanu suka gama ƙetarewa, sannan aka tura baburan. Ina ta duba wayata a hanya. Tun da muka bar kwalta da kaɗan sabis ya ɗauke, bai sake dawowa ba.

Makarantar da muka je a Barkiya ajujuwa uku ce da inuwar wata bishiyar darbejiya. Malamar 'yan aji biyu ta tarbe mu, mace mai fara'a amma ranar fuskarta ba walwala. Ta buɗe wani akwatin ƙarfe. Ga allunanmu nan a jere, ta lulluɓe su da tsohon zane don kada danshi ya taɓa su. Na kunna ɗaya. Ga caji cike, amma babu komai sai hoton kwaɗon kulle ƙofa da wani rubutu na Turanci da ke cewa a nemi sabis. Ko fassara shi ba mu yi ba. Mu da ke tinƙaho da cewa komai namu da Hausa yake.

"Mu ba mu san abin da ya rubuta ba," in ji malamar. "Ran da ya fara, a hannun wata yarinya ya tsaya. Tana cikin darasi ya ɗauke. Hedimasta ya ɗauka ita ta lalata shi."

"Sai me ya faru?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya yi mata bulala a gaban aji. Da rana ta yi sauran ma duk suka tsaya, sannan aka gane ba ita ba ce. Amma uwar ta ce ba za ta ƙara zuwa ba. Yau kwana goma sha tara."

Na zauna a kan benci. Yarinya 'yar shekara bakwai ta sha duka saboda wani abu da aka yanke a ɗaki mai fanka, ana tsaye ana kallon bango, ni kuma na sa masa hannu. Kuma yanzu mutumin da ya ce kada a yi, shi ake so a kora don a samu abin nuna wa baƙi.

Hedimastan ya zo yana ta kame-kame. Na ce masa dukan da ya yi bai kyauta ba, ko da ita ta lalata, amma laifin farko namu ne, ba na yaransa ba, ba na Malam ba. Na roƙa a tara min ajin. Na tsaya a gabansu na ce allunan ba su lalace ba, babu wanda ya ɓata su, mu da muka yi su ne muka yi kuskure, kuma za mu gyara. Yaran suka zuba min ido. Ban jin sun taɓa ganin babba yana ba su haƙuri.

Daga nan malamar ta raka ni gidan su yarinyar. Mun samu uwar tana surfe. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa. Yarinyar ta laɓe a bayan rumbu tana leƙe. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba.

Uwar ta jingina taɓarya ta dube ni. "To ke Hajiya, da kuka san abinku yana kullewa, mi ya hana ku faɗa?"

"An faɗa mana, Inna. Mu ne ba mu ji ba."

"Ɗiyata ta kwana biyu ba ta iya zama. Tana ta rantsuwa ba ta yi komi ba, har ni ban yarda da ita ba."

 Na ba ta haƙuri, na kira yarinyar na ba ta haƙuri ita ma. Uwar ta ce za ta yi shawara da mai gidan. Ba ta yi min alkawari ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ranar Litinin, Manaja ya fara jawabinsa kamar kullum. Da ya zo kan jan ɓangaren taswira ya ce ana ɗaukar mataki a kan wanda abin ya shafa. Kowa ya san wa yake nufi. Malam yana tsaye can baya, hannuwansa a baya. Ban ɗaga hannu ba, na yi magana kawai.

"Ba za a ɗauki mataki a kan Malam ba. Na je Barkiya ranar Alhamis. Babu sabis, kamar yadda ya faɗa mana a ɗakin nan muka yi masa dariya. Alluna suna cikin akwati a kulle, an daki yarinya a kansu, ta bar makaranta. Ni na sa hannu a manhajar nan. In akwai wanda za a dakatar, daga kaina za a fara, sai wanda ya kawo tsarin."

 Fuskar Manaja ta canza.

"Hajiya, wannan ba maganar gaban ma'aikata ba ce."

"A gaban ma'aikata aka ƙaryata shi. A nan za a wanke shi."

Injiniya ya matso yana ɗaga hannuwa. "Don Allah a bar maganar nan, za mu zauna mu uku."

Abin da na san zai ce ke nan. Na kuma san yadda zaman mu uku yake ƙarewa: a sha shayi, kowa ya yi haƙuri, takarda ta bi ta bayan fage. Na juya gare shi.

"Injiniya, kai ka ƙera allunan nan da hannunka don wuraren da babu sabis. Yaushe rabonka da ƙauye? Gobe ka zo mu je. In ka samu sabis a makarantar nan, ni da kaina zan rubuta takardar ajiye aiki."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce to.

Washegari motar ofis ta warke. Manaja ya ce yana da rahoton da zai haɗa, bai bi mu ba, sai muka tafi ni da Injiniya da Malam. Motar ta kafe kafin ƙorama, muka ƙarasa a ƙasa. Injiniya ya zaga makarantar da wayoyinsa biyu a sama. Ya fita bayan aji, ya hau wani tudun tururuwa, babbar rigarsa tana jan laka, yara suna leƙensa ta taga. Babu ko ɗigo. Malamar ta buɗe masa akwatin. Ya ɗauki allo ɗaya ya kunna, ya tsaya yana kallon kwaɗon nan. Muka kama hanya. Sai da muka hau kwalta ya ce, "Malam, ɗan katin nan da kuka ce, ya kuke ganin za a yi?" Malam ya yi masa bayani tiryan-tiryan, kamar ba a taɓa yi masa dariya a kai ba.

Kwana biyu Injiniya ya yi ya cire kullen. Amma gyaran ba zai isa ƙauye da kansa ba, tunda babu sabis ɗin da zai kai shi. Dole a bi allo ɗaya-ɗaya da hannu. Na tara sashena duka, har masu rubuta darussa da ba su taɓa fita ba, na raba mu biyu-biyu. Na ce Malam ne zai tsara wa kowa hanya, ni ma abin da ya ce zan bi. Wasu suka yi gunaguni, wata ta ce ba a ɗauke ta aikin yawon daji ba. Na ce ni ma ba a ɗauke ni aikin sa a daki 'ya'yan mutane ba, amma ga shi na yi. Mako biyu da rabi muka yi muna fita. Duk makarantar da muka je, kafin a taɓa allo sai an tsaya gaban malamai an faɗi abin da ya faru da kuma waɗanda suka jawo shi. Wadda ta yi gunagunin nan ta dawo daga Tamawa ta sake rubuta darussa huɗu, don ta ga yara ba su san abubuwan da take ba da misali da su ba. Yarinyar Barkiya ta koma makaranta a mako na biyu. Malamar ta ce a layin baya take zama, kuma ta daɗe ba ta yarda ta taɓa allo ba.

Tun daga lokacin na kafa wa sashena ƙa'ida biyu. A taronmu masu fita ƙauye ke fara magana, ni ce ta ƙarshe. Kuma ba na sa hannu a kan wani sabon abu sai ya yi mako guda a makarantar da babu sabis.

Na nemi Manaja ya ba Malam haƙuri a gaban mutane. Abin da aka samu shi ne ya tare shi a bakin ƙofa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, ai ka san aiki ne." Takardar dakatarwar kuwa, bayan wata guda ina neman wani abu a fayil ɗin Malam sai na gan ta a ciki, babu sa hannuna, amma an ajiye ta. Na zare ta na kai wa Injiniya na ce ya yaga a gabana. Ya yaga, yana cewa na cika zafi.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura. Bayan kaka ƙungiyar Abuja ta shirya taro a Katsina, aka gayyato masu irin aikinmu daga wurare da dama, aka ba kamfaninmu lokaci ya yi bayani. Manaja ne ya hau mumbari. Ina zaune a layi na uku ina jin sa yana ba da labarin yadda ya lura cewa ƙauyuka ba su da sabis, ya saurari mutanen karkara, ya ƙirƙiro hanyar kwaso bayanai da ɗan kati. Ya ce shugaba na gari shi ne mai sauraro. Har hoton akwatin Barkiya ya haska, hoton da ni na ɗauka da wayata. Aka yi ta tafi. Malam kuwa yana can bakin ƙofar zauren, an zo da shi ne don ya yi gadin teburin da aka jera alluna.

Da aka ce ko akwai mai tambaya, na miƙe. 

"Ba tambaya gare ni ba, gyara ne. Ni ma'aikaciyar kamfanin nan ce. Wanda ya ce babu sabis, ya kuma kawo shawarar katin nan tun kafin mu yi ɓarna, ga shi can tsaye a bakin ƙofa. Mun ƙi jin maganarsa, har muka kusa korarsa. In tafi za a yi, shi za a yi wa."

Kawuna suka juya baya. Sai wata mata daga cikin mutanen Abuja ta fara tafi, wasu suka bi. Manaja ya yi dariya a lasifika ya ce ai dama aikin haɗin gwiwa ne, yana shirin ambatonsa.

Muka shiga mota muka fita daga Katsina. Sannan Injiniya ya ce na kunyata kamfani a gaban masu taimaka mana, abin da ya wuce ya wuce, me ya sa ba zan bar shi ya kwanta ba. Na ce kamfanin da ba zai iya faɗin wanda ya cece shi ba, dama da kunyarsa yake yawo.  Da aka zo ƙarin girma a ƙarshen shekara, Manaja ya zama mataimakin shugaban kamfani, ni ina nan inda nake. Har yau muna aiki tare, muna gaisawa kowace safiya. Raina bai daina ɓaci ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi kamar ya daina ba.

Amma a ranar taron nan, wanda ya fi ba ni mamaki Malam ne. Da muka tsaya a Kurfi zai sauka, ya leƙo ta taga wajena, fuskarsa a ɗaure.

"Malama, ba ki kyauta min ba."

"Ni, Malam?"

"Kin sa manyan mutane sun juyo suna kallona, ga ni da tsohuwar riga, bakina cike da goro. Da kin faɗa min tun jiya, ai da na sa ta Juma'a."

Direba ya fashe da dariya, har Injiniya sai da ya murmusa. Malam ya gyara hularsa, ya ce in tuna batirin solar makarantar Kuki ya mutu, in ba a kai wani ba kafin Alhamis yara za su zauna haka nan. Ya juya ya nufi inda ya ajiye babur ɗinsa.